Mai Gwaji Lamba Goma Sha Bakwai

Winnipeg, 8 ga Janairu

Ƙanena Danylo,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan sanyin Montreal bai cinye maka kunnuwa ba, tunda na san har yau ba ka sa hula. Mu nan lafiya lau. Gwiwar Mama ta yi sauƙi, tana hawa bene in ta riƙe ƙarfe, kuma da ta ji an ambaci likita sai ciwon ya ɓace nan take. Ta naɗe pirogi, ƙullin nan namu mai dankali a ciki, dozin takwas don Kirsimeti, wai ko za ka canza shawara ka zo. Ba ka zo ba. Yanzu ni ke cin rabonka safe da rana, har siket ɗin ofis ya fara ƙorafi.

Ga zane ashirin da biyu a cikin ambulan, duk a kan ƙananan takardun nan rawaya masu gam, kamar yadda muka saba. Akwai injin kwafin da ka ce in yi masa haƙora, akwai fulawar da ta mutu tun bara amma ake ci gaba da ba ta ruwa, akwai manaja iri uku. Na ukun Mista Pruden namu ne sak. Na zana shi yana tsaye a kaina yana bayanin sabon fom ɗin inshorar mota, bai san hancinsa nake aunawa ba. In za ka sa su a kwamfuta kar ka gyara layin biron da ya karkace, da gangan na yi.

Jiya na lissafa, shekara uku ke nan da muka zauna a teburin kicin ɗin Mama muka ƙirƙiro wasan kwamfutar nan. Ma'aikaciya a ofis, agogon bango ya tsaya cak a biyar saura minti goma, ita kuma tana neman hanyar tsira. Kai ka iya rubuta wa kwamfuta umarni, ni na iya zane, muka ce rabi da rabi. Ka tafi Montreal a kan zan biyo ka bayan shekara, sai gwiwar Mama ta ce ba ta san zancen ba. Ba ƙorafi nake yi ba. Kawai a watan gobe nake cika shekara goma sha ɗaya a kujera guda, kuma an ce za a ba ni kofi mai tambarin kamfani.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro tun ba a yi mako ba. Mama ta ce da ta kira ka ranar Lahadi ta ji wata tana ƙyalƙyala dariya a bayanka, ka ce mata ai Solène ce, aiki kuke yi. Wane aiki? Ni dai a sanina aikinka ɗaya ne, kuma mutum biyu ne a cikinsa. In budurwa ce ka faɗa, Mama ta fara zaɓen sunan jikoki. In ba budurwa ba ce, to nan ma ka faɗa.

Yayarka,
Larysa

Montreal, 21 ga Janairu

Yaya Larysa,

Gaisuwa mai tarin yawa. A gaida Mama, a ce mata ta bi maganar likita ko sau ɗaya ne a rayuwarta. Ina lafiya, mura ce ta ɗan taɓa ni ta sake ni. Hula kuma na saya, ki daina kai ƙarata.

Zane-zanen sun iso lafiya. Yaya, Mista Pruden ya kashe mu da dariya! Na riga na sa shi a ciki, yana zagaye teburori yana leƙa mutane, hancin na isa kafin shi.

Albishirinki. An karɓi wasanmu, Biyar Saura, a bikin baje kolin ƙananan wasannin kwamfuta da za a yi a nan a watan Mayu. Tebur ɗaya, kwamfuta biyu, kwana uku, jama'a na wucewa suna gwadawa. Da na ga saƙon sai da na fita titi ba riga mai nauyi, ina ta tsalle cikin dusar ƙanƙara.

Maganar Solène kuwa, ba budurwata ba ce. Ki ce wa Mama ta kwantar da hankalinta, ko ta tayar, ban san wanne ta fi so ba. Solène Marchand mai zane ce, teburinta na kallon nawa a ɗakin aikin da muke haya mu takwas. Kin san matsalar da ta dame ni tun bara: mai wasa ya sha wahala ya tsere daga ofis, sai ya faɗa farin fili, ba komai. Ita ce ta gani ta ce in bari ta gwada. Da fenti na ruwa take aiki. Ta yi teku, ta yi gonar alkama, ta yi wani gari a kan dutse da tsuntsaye ke ratsawa. Ta yi yawon duniya sosai, har aiki ta taɓa yi a jirgin ruwa.

Ki ga yadda abin ya dace. Naki zanen yana da gajiyar ofis a jikinsa, mutum na gani ya san wadda ta yi shi ta sha zama. Babu mai iya yin ciki kamar ke. Waje kuwa sai wanda ya san waje. Da aka haɗa biyun, kowa a ɗakin nan sai da ya taso ya kalla.

Mako mai zuwa za mu fara gwaji. Za mu raba lambar shiga talatin ga baƙi a dandalin masu son irin waɗannan wasanni. Mun yanke shawarar ba za a gaya wa mai wasa komai ba, ko kalma ɗaya, a zaunar da shi a tebur kawai a ga abin da zai yi. Ban aiko miki da lamba ba, na san ba ki da lokaci, ga ofis ga Mama. In an gama gyara sai ki gan shi tsaf.

Ki ƙara min zanen lif da na ɗakin shan gahawa, don Allah, kafin ƙarshen Fabrairu.

Ƙanenki,
Danylo

Winnipeg, 17 ga Fabrairu

Danylo,

Ina gaisuwa. Mama lafiya, ta ce in gaya maka ta ji haushi da ba budurwa ba ce. Ni ma lafiyata ƙalau, an ba ni kofin, har da tafi.

Kusan wata guda na yi ban amsa ba, don duk takardar da na fara sai in yaga. "Waje kuwa sai wanda ya san waje." Na karanta layin nan a bas, na karanta a ofis, na karanta a layin kantin magani ina jiran ƙwayoyin Mama. Sannu, masanin waje. Wato ni ce ciki, ita ce waje. Ni ce bangon da ake gudu, ita ce tekun da ake gudu zuwa gare shi. Ka tuna wa ya ce ka tafi, zan riƙe gida? Da ni na tafi kai ka zauna, da yanzu kai ne ka sha zama, ni kuma ina jirgin ruwa.

Ka taɓa tambayata ko zan iya zana waje? Ko sau ɗaya? Shekara guda farin filin nan yana damunka, ba ka buɗe baki ba. Wata ta leƙo ta saman teburi, ka miƙa mata rabin wasan.

Kuma na ga hoton tallan bikin a shafinsu. Da manyan baƙi an rubuta: wasan Danylo Hrycak da Solène Marchand. Na yi ta neman sunana har na ƙara girman hoton, sai ga ni can ƙasa a wurin godiya ta musamman, tsakanin Mama da wani Biskit. Na bincika, ashe Biskit kyanwar ɗakin aikinku ce. Zane ɗari huɗu da wani abu na aiko maka a shekara uku, Danylo. Kyanwar nawa ta yi?

Ba zan ɓoye maka ba, kishi nake yi, har yana hana ni cin abinci. Na shiga shafin yarinyar nan na kalli hotunanta tun daga na shekara shida baya. Ga ta a bakin teku, ga ta da fenti a kumatu, ga ta a ɗakinku tana nuna allon kwamfutarka da burushi, kai kuma ka washe baki. A bayanku, a bango, zanena ne aka manna jere, ba wanda ke kallonsu.

Tunda ka ga ba ni da lokaci, na nema wa kaina. Na shiga dandalin da wani suna kamar kowane baƙo, aka ba ni lamba goma sha bakwai. Kullum da hutun rana nake yi, daga sha biyu da minti biyar zuwa ɗaya saura biyar, da abincina a gefe. Ina so in ga wannan waje da idona, in ga abin da ya fi ƙarfina.

Sai dai ka cika aiki a wasan nan. Ana buɗewa ga tulin fom a tebur ga hatimi, kuma yau kwana goma ina bugawa, na wuce ɗari takwas, tulin bai ko girgiza ba. Wanda ya shirya fom ɗin ma bai san aiki ba, wasu kwanan watansu talatin ga Fabrairu ne, wasu ba sa hannu. Irin waɗannan gefe nake turawa, ba zan buga wa shirme hatimi ba ko a wasa. Na san sai an share tebur sannan hanyar fita za ta buɗe, to zan share shi.

Zanen lif da na ɗakin gahawa ba sa cikin ambulan ɗin nan. Kar ka zazzage, ba su maƙale ba.

Larysa

Montreal, 18 ga Fabrairu

Yaya Larysa,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama. Shiru na ji, fiye da wata guda ba takarda. Na san aiki ne ya sha kanki, shi ya sa na ce bari in rubuto in ba ki dariya. Lafiyata lau, sai rashin hutu.

Gwaji yana tafiya fiye da yadda muka zata. Wasan yana aiko mana da bayanin abin da kowane mai gwaji ya yi, ba suna, lamba kawai. Mutanen nan ba su da haƙuri ko kaɗan! Yawancinsu fom biyu ko uku suke bugawa, sai su fara danne-danne, su ga matar ta miƙe, shi ke nan. Wani ya fita ta taga a minti huɗu. Wata ta shige cikin injin kwafi, ya fito da ita a bakin teku. Wani ya ɓuya a kwandon shara aka fitar da shi. A cikin talatin, ashirin da tara sun tsere kafin minti ashirin.

Saura ɗaya. Yaya, lamba goma sha bakwai! Wannan bawan Allah tun ranar da ya shiga bai tashi daga kujera ba. Kullum ƙarfe ɗaya da minti biyar ya shigo, ya ɗauki hatimi, tim, tim, tim, biyu saura biyar ya rufe. Ya buga sama da ɗari takwas. Abin da ya fi ba mu dariya, har tantancewa yake yi. Fom ɗin nan kwamfuta ce ke cika su da ka, ba ma'ana, amma shi in ya ga kwanan wata bai yi ba sai ya ture gefe. Na sa dubu uku a tulin ne don kawai ya yi tsawo a ido, ban taɓa tunanin wani zai wuce goma ba.

Yanzu ya zama abin kallonmu. Ƙarfe ɗaya na yi sai Solène ta ce, "Ku taho, ma'aikacin shekara ya iso," kowa ya jawo kujera da abincinsa. Har ta zana shi ta manna a bango, ya duƙa a kan tebur, gizo-gizo ya yi saƙa daga kafaɗarsa zuwa kujera. Jiya ta ce irin wannan ko an cire masa bango huɗu zai zauna yana jiran a ba shi izinin tashi. Na yi dariya har na ƙware. Ni tausayi ma yake ba ni. Wane irin zama mutum zai yi a duniya har a ba shi wasan guduwa ya mayar da shi aiki?

Ki aiko da lif ɗin, lokaci na tafiya. Ko ki zana mana lamba goma sha bakwai, ke da kika san irinsu a ofishinku, na tabbata naki zai fi na Solène.

Ƙanenki,
Danylo

Winnipeg, 25 ga Fabrairu

Danylo,

Muna lafiya. Takardarka ta ranar sha takwas ta iso, da alama ta yi saɓani da tawa a hanya. Zuwa yanzu ka karanta tawa, ka san wane ne bawan Allahn.

Ƙarfe ɗaya na Montreal sha biyu ne a Winnipeg. A nan aka haife ka.

Abu biyu nake so. Ka cire zanen da ta yi mini daga bango ka aiko min da shi, nawa ne. Sannan ka cire zanena daga wasanka, duka, har Mista Pruden. Tunda ta san waje, ta koyi ciki kafin Mayu.

Ka daina kiran waya. Ina gani, ba zan ɗauka ba.

Larysa

Montreal, 6 ga Maris

Yaya,

Ina gaishe ki, in za ki amsa. Na ji Mama lafiya, don ta kira ni ta wanke ni tas na minti arba'in, ba ta ko tsaya shan iska ba. Ni ba zan ce ina lafiya ba.

Takardarki ta iso kwana biyu bayan na jefa tawa a akwatin gidan waya. A tsaye na karanta a bakin ƙofa. Da na zo kan lamba goma sha bakwai sai na zauna a matakala, na rasa inda zan sa kaina. Na je gidan waya na roƙe su ko za a iya tsayar da tawa, matar da ke aiki a wurin ta dube ni kawai. Ki yafe min, Yaya. Ba ni da abin kare kaina.

Maganar suna, gaskiyar ba ta da daɗi amma ga ta. Ranar da ake cika takardar bikin, gurbin suna biyu ne. Solène tana zaune a gabana tana kallona. Ke kina nesa, kuma na saba in na yi miki laifi ki yi faɗa ki huce. Na zaɓi wadda nake jin kunyar idonta, na danne wadda na san ba za ta bar ni ba. Na rubuta wa masu bikin su gyara, sun ce za a iya.

Akwai abin da ban gaya miki ba, don ni ma ina da nawa kishin. Mun karanta ra'ayin masu gwaji ashirin da tara. In sun tsere sun isa tekun Solène, minti biyu suke yi su rufe. Duk abin da suka rubuto a kan ofis ne: injin mai haƙora, matacciyar fulawa, hancin Pruden. Wata ta ce ta koma ciki da gangan don ta ƙara ganin ɗakin taro. Ba wanda ya ambaci aikina na shekara uku, don ba a ganinsa. Solène ta karanta ta shiga banɗaki ta daɗe. Tun zuwanta take tambayata wace ce wannan yayar taka, a ina ta yi karatun zane, in ce mata ba ta yi ba, a gefen fom ta koya. Ba ta ji daɗin amsar ba. Tana jin ke ce lamba goma sha bakwai, da hannunta ta cire zanen daga bango. Ga shi a cikin ambulan kamar yadda kika ce.

Yanzu ki saurare ni. Ba sai an share tebur ba. Babu abin da ke buɗewa. Komai a buɗe yake tun farko. Dogon maɓallin nan na ƙasa a jerin maɓallan kwamfuta kawai za ki danna, ta miƙe tsaye. Yaya, ke kika zana tagar nan da hannunki, har kika bar ta a ɗan buɗe!

Kuma ina ganinki. Kin ce in cire zanenki, amma jiya ma lamba goma sha bakwai ta shigo, kin kai dubu ɗaya da ɗari tara. Yanzu ni kaɗai nake kallo, na juya allon kwamfutar yadda ba mai gani sai ni. Don Allah ki daina. Bayan na dubu uku babu komai, ban gina komai a wurin ba.

Zanenki kuwa, ban cire ba tukuna. In babu su babu wasa, Solène ta ce ba za ta taɓa ofis ɗin ba ko za a kashe ta. Ina da zuwa ƙarshen Maris in tabbatar wa masu bikin ko in janye. In kika sake cewa in cire, zan cire, in janye. Ba barazana ba ce, haƙƙinki ne.

Ƙanenki, in har yanzu kina so,
Danylo

Winnipeg, 25 ga Maris

Ƙanena,

Ina gaishe ka. Mama lafiya, ta fara zuwa coci da ƙafarta, tana gaya wa kowa 'ya'yanta sun ɓata a kan wasan yara. Ni kuma ban san yadda nake ba, bari in gaya maka ka yanke hukunci.

Na ga bayanin dogon maɓalli. Ban danna ba. Da farko taurin kai ne, na ce ba ƙanen da na goya zai koya min tashi daga kujera ba. Daga baya na gane ko ba taurin kai ba zan iya ba. Na ɗora yatsa a kansa ya fi sau goma, sai in ga tulin, in ji kamar wani zai shigo ya tarar na bar aiki. Wa zai shigo, Danylo? Pruden ɗin da na zana da biro?

Yau Talata, ɗaya saura kwata, na buga na dubu uku. Tebur ya zama fayau. Na zauna ina jira. Ka riga ka gaya min babu komai, amma na jira, wai ko agogon zai motsa, ko wani zai leƙo ya ce sannu. Agogo yana nan a biyar saura minti goma. Matar tana zaune da hatimi a hannu, gabanta ba komai. Na kalle ta na kalle ta, sai hawaye suka zubo min a kan burodi.

Sannan na danna. Ta miƙe. Ban bi ta taga ba, ba zan haura taga da siket ba, ta ƙofa na fita. Na ga tekun yarinyarka. Yana da kyau. Na so ƙwarai ya zama ba shi da kyau, na duba ko'ina ina neman aibu, har tsuntsayen na ƙirga. Ta iya, ja'ira. Zanen da ta yi mini ma ta iya. Namiji ta zana, amma kafaɗun nawa ne, har da rigar sanyin da ke rataye a bayan kujera, alhali ba ta taɓa ganina ba. Yana cikin aljihun teburina, kullum sai na ciro na ji haushi na mayar.

Amma ka gaya mata wannan. Wanda ya fito daga ofis ba teku yake tararwa ba. Ba ta taɓa fitowa daga ofis ba, shi ya sa mutanenku ke rufewa bayan minti biyu.

Ina cikin kallon tekun sai ga Pruden na gaske ya turo keken fayil, ya sauke min sabon tuli a tebur, ya ce, "Larysa, ke ce mai hannu da sauri, ki taimaka kafin biyar." Na dubi tulin, na dubi allon. Sai na ji na miƙe. Na sa kot ɗina, na ce masa zan fita. Ya ce ina zuwa? Na ce ban sani ba. Bakinsa a buɗe na bar shi. A lif ina ta jiran a kira sunana. Ba wanda ya kira.

Kar ka yi murna da yawa, ban ajiye aiki ba. Gobe zan koma, tulin yana jirana, ga Mama. Amma yanzu ƙarfe biyu da rabi na ranar Talata, ina zaune a wani ɗan shagon gahawa da ke kallon tashar bas ɗinmu. Shekara goma sha ɗaya ina tsayawa a tashar nan, ban taɓa ganinta da rana tsaka a ranar aiki ba. Ashe akwai mutane a gari a wannan lokacin. Wani tsoho yana jan kare mai takalma huɗu. Ƙanƙara tana narkewa daga rufin tashar tana ɗiga a kan hular wata mata, ita kuma ta ƙi matsawa. Ban san abin da ake yi da irin wannan lokaci ba, sai na ciro takarduna rawaya.

Guda tara ne a cikin ambulan, ka bi lambobin da ke bayansu. Na wanda ya buga fom dubu uku ne, in an sake samun irina. Agogo ya cika biyar, ta ajiye hatimi, ta sa kot, ta sauka a lif, ta fito tashar bas. Ga tsohon da karensa, ga matar da hularta. Bas ya zo, ba ta shiga ba. Ka gina wannan a wurin da ka ce babu komai.

Kar ka janye. Ka bar zanena, ka sa sunana inda ya kamata, gaban nata, na riga ta da shekara uku. Biskit ta zauna inda take. In gwiwar Mama ta yarda zan zo a Mayu, in tsaya a bayan teburin nan in ga wanda zai kalli teku ya bar Pruden.

Abu na ƙarshe. Na san za ta ga tashar bas ɗina ta ce bari ta ɗan sa mata launi. Ka ce mata a'a. Tana da teku, tana da gari a kan dutse, tana da tsuntsaye arba'in da uku. Wannan wajen nawa ne, yau na gan shi.

Yayarka,
Larysa